Gwarzo a Littafi, Abin Tuhuma a Kotu: Me Ya Sa Ake Auna Mayaƙan Da da na Yanzu da Mudu Daban?

A watan Yunin 2022, ƙasa da wata huɗu bayan sojojin Rasha sun afka wa Yukren, Shugaba Vladimir Putin ya ziyarci wani baje kolin tarihi a Mosko da aka shirya don cikar shekara 350 da haihuwar Sarki Peter na Ɗaya, wanda Rashawa ke yi wa laƙabi da Mai Girma. A wannan rana ya shaida wa wani taron matasa cewa sarkin ya shafe shekara 21 yana yaƙi da Suwidin, amma ba ƙasar kowa ya ƙwace ba, ta Rasha ce ya maido, kuma ga alama irin wannan aiki ne ya faɗo a kan Rashawan yau. A watan Maris na 2023 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague ta fitar da sammacin kama Putin, bisa zargin kwashe yara daga Yukren.

Nan ruɗani ya shigo wa mutane da yawa. Idan faɗaɗa ƙasa da takobi ne ya sa aka gina wa Peter mutum-mutumi, me ya sa mai yin irinsa yau ake nemansa a kotu? Tambayar ba ta Rasha kaɗai ba ce. Ta taso a nan gida ma tun da gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da dawo da darasin tarihi a makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2022, bayan shekara 13 da cire shi, a daidai lokacin da matasa ke ɗaukar mafi yawan tarihin yaƙin da suka sani daga finafinan Turkiyya da aka fassara da na Netflix.

Abubuwa huɗu da ake cakuɗawa

Cin ƙasa da yaƙi shi ne a yi galaba a kan wata al'umma a haɗe ƙasarta da ta mai nasara har abada. Mamaya kuwa riƙe ƙasar wasu ne da ƙarfin soja na wani lokaci, kuma a dokar yau mai mamaya bai zama mai ƙasa ba, amanar mutanen wurin ce ma ke wuyansa. Laifin takalar yaƙi ya shafi dalilin fara yaƙin tun farko. Laifin yaƙi kuma ya shafi yadda aka gudanar da shi: kashe fararen hula da gangan, halaka fursunoni, hana mutane abinci don su miƙa wuya. Ƙasa tana iya zama mai gaskiya a dalilin shiga yaƙi, sojojinta kuma su aikata laifin yaƙi. Yawancin gardamar da ake yi a Facebook kan wane sarki ne gwarzo, wane ne azzalumi, tana lalacewa ne saboda ɗaya yana magana a kan dalili, ɗayan yana magana a kan hanya.

Lokacin da doka ta juya

Har zuwa farkon ƙarni na 20, cin ƙasa da yaƙi hanya ce da dokokin da Turai ta tsara suka amince da ita ta mallakar ƙasa. Abin ya fara sauyawa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1928 aka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar Kellogg da Briand, wadda ƙasashe suka yi alkawarin daina ɗaukar yaƙi a matsayin hanyar cimma manufa. Ba ta hana Yaƙin Duniya na Biyu ba, amma da ita aka kafa hujja a shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946, inda aka hukunta manyan gwamnatin Hitler har da laifin shirya yaƙin kansa. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya haramta amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa, sai don kare kai ko da izinin Kwamitin Sulhu. A 1948 aka yi yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi, a 1949 kuma yarjejeniyoyin Janiba huɗu na kare raunanan sojoji da fursunoni da fararen hula. Kotun ta Hague ta fara aiki a watan Yulin 2002.

Saboda haka, a fuskar doka zalla, Peter bai karya wata yarjejeniya irin wannan ba domin babu ita a zamaninsa, shugaban yau kuwa ƙasarsa ta sa hannu. Sai dai dokar ba ta hawa kan kowa daidai. Amurka da Rasha da Sin da Isra'ila ba mambobin kotun ba ne. An kori Iraƙi daga Kuwait a 1991 da sunan wannan doka, amma da Amurka da Birtaniya suka mamaye Iraƙi a 2003, Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar a lokacin, ya ce a 2004 mamayar ta saɓa wa kundin Majalisar, kuma babu shugaban da ya gurfana a kanta.

Wa ya rubuta, kuma yaushe?

Doka ba ta bayyana komai ba. Babban abin da ke wanke mayaƙin da shi ne hanyar da labarinsa ya iso gare mu.

Iskandar na Makadoniya ya mutu a Babila a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, yana ɗan shekara 32. Ya tafi yaƙi da marubucinsa na fada, Kalistenes, wanda daga baya ya rasa ransa a hannun sarkin. Cikakkun labaran da suka rage mana an rubuta su ne ɗaruruwan shekaru bayansa. Arrian, wanda aka fi dogara da shi, ya zo bayan fiye da shekara 400, kuma ya ɗauko ne daga rubutun mutanen Iskandar ɗin, ciki har da kwamandansa Ptolemy. Duk da haka waɗannan littattafai ba su ɓoye cewa Iskandar ya rushe birnin Tebes na Girka ya sayar da mutanensa kusan 30,000 a matsayin bayi ba, ko cewa ya yi wa birnin Sur, da ke Labanon ta yau, ƙawanya ta wata bakwai sannan aka karkashe dubbai, ko cewa ya ƙona fadar sarakunan Farisa da ke Persepolis. Abin da babu shi ne muryar mutumin Tebes ko na Sur. A rubuce-rubucen mabiya tsohon addinin Farisa, inda muryar waɗanda aka ci ta ɗan tsira, la'ananne ake kiransa.

Juliyus Kaisar na Rum ma ya fi haka: shi da kansa ya rubuta labarin yaƙin da ya yi a ƙasar Gol, wato Faransa ta yau, kuma ɗaliban Turai sun shafe ƙarnoni suna koyon Latin da wannan littafi.

Haka abin yake a ƙasar Hausa. Abin da aka sani a rubuce game da Amina ta Zazzau bai wuce 'yan layuka ba a Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, a ƙarni na 15, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu masana suna sa ta a ƙarni na 16. Yadda Banufen da aka karɓi gaisuwar nan daga hannunsa ya ɗauki al'amarin, ba a rubuta ba. Jihadin 1804 ma mafi yawan rubutattun bayanansa daga alƙalamin jagororinsa suka fito, yayin da Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi suka riƙe nasu labarin a baka da waƙoƙin fada.

Yaƙin zamani ba ya samun wannan sutura. Tun yaƙin Kirimiya a shekarun 1850 mai ɗaukar hoto ya fara bin sojoji. Hotuna ne suka tabbatar wa duniya kisan ɗaruruwan ƙauyawa da sojojin Amurka suka yi a My Lai ta Biyetnam a 1968, hotuna ne suka tona abin da ake yi a kurkukun Abu Ghraib a 2004, yau kuma mai wayar hannu a Gaza ko Darfur yana aika wa duniya gawar ɗansa kafin a binne shi. Wanda aka kashe a zamanin da adadi ne kawai a shafin littafi. Na yau yana da suna da fuska da dangi masu magana.

Alƙaluman da ba sa haɗuwa

Masu son kwatantawa sukan koma ga lissafin gawa, amma nan ma hujjar ba ta da ƙarfi. Herodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka, ya ce sojojin ƙasa na Sarki Xerxes na Farisa sun kai miliyan 1.7 lokacin da ya nufi Girka, adadin da masanan yau ke ganin ba zai yiwu a ciyar da shi ko a shayar da shi a kan waɗancan hanyoyi ba. Wani marubucin Girka, Plutarch, ya ce Kaisar ya kashe mutum miliyan ɗaya a Gol ya bautar da wani miliyan. Game da faɗuwar Bagadaza a hannun Hulaku, jagoran mayaƙan Mongol, a 1258, shi Hulakun ya yi iƙirarin kashe sama da 200,000, wasu marubutan Musulmi da suka zo baya suka kai adadin 800,000, wasu ma fiye. Mai nasara yana ƙara adadi don a ji tsoronsa, wanda aka ci yana ƙarawa don a ji girman musibarsa.

A ɗaya ɓangaren, Yaƙin Duniya na Biyu ya ci rayuka sama da miliyan 60, kusan miliyan 27 daga Tarayyar Sobiyet kaɗai. Ruwan bama-bamai na dare ɗaya a Tokyo a watan Maris na 1945 ya kashe kimanin mutum 100,000, bam ɗaya a Hiroshima ya kashe kimanin 140,000 kafin ƙarshen shekarar.

Masani Steven Pinker ya yi fice a 2011 da hujjar cewa idan aka auna da yawan mutanen duniya a kowane zamani, yaƙoƙin da sun fi na yanzu ɓarna, domin duniya ba ta wuce mutum miliyan 200 zuwa 300 a zamanin Kaisar ba, alhali ta haura biliyan biyu a 1940. Masu sukarsa sun ce ya gina lissafin a kan irin waɗancan alƙaluma marasa tabbas. Misalin da aka fi kawowa shi ne tawayen An Lushan a Sin, daga 755 zuwa 763, inda ƙidayar gwamnati ta nuna raguwar mutum miliyan 36. Masana tarihin Sin da dama suna ganin wannan ya fi nuna rushewar hukumar da ke ƙidayar masu biyan haraji, ba mutuwar duk waɗannan mutane ba.

Abin da fim ke yi da tsohon yaƙi

Fim ɗin tsohon yaƙi kusan kullum maganar yau yake yi. A 1938 Tarayyar Sobiyet ta fitar da Alexander Nevsky, labarin yariman Rasha da ya fatattaki mayaƙan Jamus a ƙarni na 13. Da Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitler a 1939 aka janye fim ɗin, da Jamus ta kai hari a 1941 aka dawo da shi. A 1944 Birtaniya ta yi Henry V, labarin sarkin Ingila da ya yaƙi Faransa, don ƙarfafa gwiwar mutanenta, aka cire wurin da sarkin ya ba da umarnin kashe fursunonin Faransa.

Fim ɗin 300, wanda ya shiga sinima a 2007, ya nuna mayaƙan Sparta 300 a matsayin masu kare 'yanci, Farisawa kuma kamar dodanni. A tarihi, Girkawan da suka tare mashigar Thermopylae a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa sun kai kimanin 7,000 da farko, ɗaruruwan mutanen wasu garuruwa sun tsaya tare da Spartawa har ƙarshe, Sparta kanta kuma a kan gumin bayi take rayuwa. Jami'an Iran sun yi Allah wadai da fim ɗin, wanda ya fito ana tsaka da takun saƙa tsakaninsu da Amurka.

Ba Turawa kaɗai ke yin haka ba. Shirin Ertugrul, wanda gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya ya nuna daga 2014 zuwa 2019 kuma ya karɓu sosai a Arewa, an gina shi a kan mutumin da tarihi bai adana kusan komai game da rayuwarsa ba. A 2019 tashar MBC ta fitar da Mamalik al-Nar, wanda ya nuna cin Masar da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta yi a 1517 a matsayin zalunci, a lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin Turkiyya da Masar da Saudiyya da Daular Larabawa. Daula ɗaya ce, labari biyu, kowanne da mai biyan kuɗinsa. The Woman King na 2022 ya sha suka kan rage girman rawar da masarautar Dahomey ta taka a cinikin bayi, fim ɗin Amina da ya hau Netflix a 2021 kuma ya jawo ƙorafin Hausawa masu kallo kan harshe da sutura da sahihancin labarin.

Akwai kuma dalilin sana'a. Takobi da doki suna ba mai shirya fim jarumi ɗaya da zai tsaya gaba da gaba da abokin gaba. Matuƙin jirgi marar matuƙi da ke danna maɓalli daga nisan dubban kilomita ba ya ba da wannan hoto. Shi ya sa finafinan yaƙin zamani suka fi karkata ga tsoro da taɓin hankalin soja, na tsohon yaƙi kuma ga kirari.

Matsayi uku

Masu matsayi na farko suna cewa kada a yi wa mutanen da hukunci da dokar da ba su sani ba. A duniyar da duk wanda bai ci maƙwabcinsa ba za a ci shi, sarki ba shi da zaɓi mai yawa, kuma daulolin da yaƙi ya kafa sun buɗe hanyoyin fatauci da na ilmi. Raunin wannan matsayi shi ne yana ɗauka mutanen da ba su san kisa da bautarwa mugun abu ba ne.

Masu matsayi na biyu suna cewa ran ɗan Adam ɗaya ne a kowane zamani, don haka a kira kisan kiyashi da sunansa ko yaushe aka yi shi. Rauninsa shi ne yakan tsaya ga yanke hukunci, bai bayyana yadda abin ya faru ba, kuma sau da yawa kakannin wasu ake zaɓa a tuhuma a bar na gida. Janghiz Khan yana kan takardar kuɗin Mongoliya, babban filin jirgin saman ƙasar ma sunansa yake ɗauke da shi. Taimur, wanda ya yi wa Delhi da Dimashƙu da Bagadaza kaca-kaca, mutum-mutuminsa na tsakiyar Tashkent, babban birnin Uzbekistan.

Matsayi na uku, wanda hujjojin tarihi suka fi mara wa baya, shi ne a auna mutum da mudun zamaninsa, amma a tabbatar an ɗauko mudun gaba ɗaya, domin kowane zamani yana da masu cewa a'a. Bayan Kaisar ya karkashe wasu ƙabilun Jamus biyu har mata da yara, wani ɗan majalisa mai suna Cato ya nemi majalisar Rum ta miƙa shi ga waɗanda ya zalunta. Sarki Ashoka na Indiya ya sa an sassaƙa nadamarsa a kan dutse bayan yaƙin Kalinga, inda ya ce an kashe mutum 100,000. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandan rundunarsa, cewa kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya. A nan yankinmu, Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya rubuta wa jagororin Sakkwato yana ƙalubalantar hujjar yaƙar Borno, Muhammadu Bello ya ba shi amsa kuma ya adana wasiƙun a littafinsa. Shehu Abdullahi na Gwandu ma ya koka a rubuce kan yadda wasu mayaƙan suka karkata ga neman duniya.

Yadda aka yi amfani da kwatancen a 1903

Haɗarin jingina sabon yaƙi da tsoho ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903 da Sakkwato a watan Maris, jagoransu Lugard ya tara manyan gari ya shaida musu cewa Fulani sun ci ƙasar nan da yaƙi a zamanin Ɗan Fodiyo suka sami ikon naɗa sarakuna da karɓar haraji, yanzu kuma an ci su, don haka duk wannan iko ya koma hannun Ingila. Da tarihin mutanen ya halatta abin da ya yi musu. A watan Yulin shekarar aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, a 1906 kuma aka shafe garin Satiru.

A Nijar, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta bi ta ƙasar Hausa a 1899 tana ƙona garuruwa, ta yi mummunan kisa a Birnin Ƙonni. Labarin turjiyar Sarauniya ta Lugu ya shiga littafin Abdoulaye Mamani a 1980, sannan fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987. Wannan na cikin wuraren da fim ya yi aikin da littattafan mulkin mallaka suka ƙi yi.

Inda abin ya taɓa talaka

Wuri na farko aji ne. Malamin tarihi a Zariya ko Bida ko Birnin Kebbi ko Jos yana da jikokin wanda ya ci da na wanda aka ci a benci ɗaya. Idan littafi ya koyar da yaƙoƙin da a matsayin jerin nasarori kawai, wasu yara za su tashi da jin an goge kakanninsu. Idan ya koyar da su a matsayin jerin laifuffuka kawai, wasu za su ji ana tuhumarsu da abin da ya faru shekara 200 kafin a haife su. Ana ganin sakamakon duka biyun a zafafan musayar kalamai tsakanin matasa a kafafen sada zumunta kan Hausa da Fulani, inda ake jawo 1804 don fassara matsalar 'yan bindiga ta yau, wadda ke da nata dalilan na filaye da makamai da raunin hukuma.

Wuri na biyu iyaka ce. A taron Alƙahira na 1964 ƙasashen Afirka suka amince su riƙe iyakokin da suka gada, duk da sanin cewa Turawa ne suka shata su, domin idan kowa ya ce zai maido da abin da kakansa ya taɓa ci, babu iyakar da za ta tsaya. Rikicin Bakassi ya ƙare ne da hukuncin 2002 na Kotun Duniya mai shari'a tsakanin ƙasashe da miƙa yankin ga Kamaru a 2008. Mazauna wurin da dama sun rasa matsuguni kuma har yau akwai masu jin ciwon hukuncin, amma ƙasashen biyu ba su shiga cikakken yaƙi ba.

Wuri na uku diyya ce. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ba ta da hurumi a kan abin da ya faru kafin Yulin 2002, saboda haka masu neman haƙƙin kakanninsu sai dai su bi ta kotunan ƙasashen da suka yi mulkin mallaka ko ta teburin sulhu. A 2013 Birtaniya ta amince ta biya fam miliyan 19.9 ga 'yan Kenya 5,228 da aka azabtar a zamanin tawayen Mau Mau, kuma hakan ya yiwu ne domin mutanen suna raye, takardun gwamnati ma sun fito. A 2021 Jamus ta amince cewa kisan da ta yi wa Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908 kisan ƙare dangi ne, ta yi alkawarin yuro biliyan 1.1 na ayyukan raya ƙasa cikin shekara 30. Shugabannin ƙabilun biyu da dama sun ƙi amincewa da yarjejeniyar, suna cewa gwamnatoci ne suka ƙulla ta ba tare da an zauna da su ba.